Mu Rubuta Asalinmu Tun Dattawa Suna Raye

 

Maganarmu ta yau a kan asali ce. Minna ƙasar Gwari ce, kowa ya sani. Kakanninmu da yawa layin dogo suka biyo, wanda ya taso daga Baro ya ratsa nan ya isa Kano a 1911. Wasu kuma sai bayan 1976 suka zo, da aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birninta. To, jama'a, ku tambayi yaron gidanku sunan kakan babansa da unguwarsu a Katsina ko Zariya. Sai ya yi ta sosa ƙeya.

Abin ba wasa ba ne. Yaro zai nemi makaranta ko aikin gwamnati, a ce ya kawo takardar shaidar asali. A nan a ce masa baƙo ne, can gida kuma mai unguwa ya ce bai san ubansa ba. Haka gadon gona ke salwanta, haka zumunci ke mutuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Magabata ba su yi wannan sakaci ba. Wangarawan Kano sun rubuta labarin zuwan kakanninsu daga Mali tun wajen 1650. Alhassan Ɗantata, da ya rasu a 1955, har yau an san Ba'agale ne, an haife shi a Bebeji, kuma fataucin goro ya gada. Baƙaƙen Amurka kuwa, da bauta ta raba su da sunayen kakanninsu, kuɗi suke kashewa suna zuwa Gambiya da Gana neman tushe. Mu namu yana cikin ɗaki, a bakin tsohuwa, kyauta.

Ga abin da muke roƙo. Kowane maigida ya sayi littafi guda, ya zauna da dattijon gidansu. Kada a manta da iyaye mata, su suka fi riƙe wa ya auri wa. A rubuta suna, da na uba da na kaka, da gari da unguwa, da sana'a, har da irin tsagar fuska. In shekara ta shige duhu, a auna da abin da ya faru: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, canjin hannu a 1972, fitowar naira a 1973. A duba tsofaffin rasidan haraji, da takardun rabon gado na gaban alƙali, da 'yan rubuce-rubucen ajami da ake sakawa cikin gafaka. Abin da aka ji daga mutum ɗaya, a tabbatar da shi daga na biyu. Kuma don Allah kada wani ya ƙaga wa kansa sarauta ko sharifta. In kakanka maƙeri ne, rubuta maƙeri.

In sallah ta zo, a ɗauki yara a kai su gida su ga dangi ido da ido.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya bar zumunci.