Yumɓun Azurfa: Sana'ar da Hannu da Ma'auni Ke Tafiya Tare

Iyayenmu malamai, masu bayar da zakka da waƙafi, da 'yan'uwanmu masu neman sana'a, muna godiya ga Allah da ya haɗa mu a wannan zama. Abin da muke son gabatarwa a yau shi ne wata hanyar ƙera kayan ado da ake kira yumɓun azurfa, da sharuɗɗan da ya kamata a cika kafin a zuba dukiyar amana wajen koyar da ita.

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa muna da maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, muna kuma da maƙeran fari masu ƙera zobe da munduwa da 'yan kunne. Maƙeran Agadas sun shahara da siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da laka, su narkar da kakin, sannan su zuba azurfa a gurbinsa. Sai dai wannan aiki yana buƙatar zugazugi da uwar maƙera da shekaru a gaban maigida, kuma galibi gado ne na maza. Bazawara mai marayu a hannu ba ta da ƙofar shigarsa.

A shekarar 1990 kamfanin Mitsubishi Materials na ƙasar Japan ya fito da wata dabara. Ana haɗa garin azurfa mai laushi ƙwarai da ruwa da wani sinadari mai danƙo, sai ya zama kamar yumɓun da ake gina tukunya da shi. Daga baya kamfanin Aida, shi ma a Japan, ya fitar da nasa mai suna Art Clay. Mai aiki zai shafa ɗan man zaitun a yatsunsa, ya murza yumɓun, ya yanka, ya danna masa zane da hatimi ko ganye. Idan ya bushe sarai, sai ya goge shi da sanfefa, sannan ya gasa. Wuta tana cinye sinadarin, ƙwayoyin azurfar kuma su manne da juna ba tare da sun narke ba, domin ana gasawa ne tsakanin digiri 650 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas, alhali azurfa ba ta narkewa sai wajen digiri 962. Ƙananan kaya kamar 'yan kunne ana iya gasa su da ƙaramar wutar gas ta hannu, manya kuwa sai da tanda ta lantarki. Abin yana fitowa fari fat kamar alli, sai an bi shi da buroshin waya ƙyallinsa zai bayyana. Abin da ya rage bayan gashi azurfa ce zalla, kashi 999 cikin 1000.

Wannan shi ne alherin sana'ar: ana iya yin ta a kan faifai a tsakar gida. Amma wajibi ne mu faɗi wahalarta. Yumɓun yana bushewa da sauri, musamman lokacin hunturu, don haka wanda bai tsara abin da zai yi ba kafin ya buɗe leda zai yi asara. Idan aka gasa shi da sauran danshi a ciki, tururi zai kumbura shi ko ya fasa shi. Yana kuma tsukewa a wuta, wasu nau'o'in da kimanin kashi 10 cikin 100, na farkon da aka fitar har kusan kashi 30, shi ya sa ake yin zobe ya ɗan fi yatsa girma. Azurfa zalla ta fi mai lamba 925 taushi, saboda haka siririn zobe yana iya lanƙwashewa. Sannan daga waje ake shigo da shi, kuma kowane giram nasa ya fi giram na azurfar kasuwa tsada. Don haka muke ganin ya dace ɗalibi ya fara gwada hannunsa da yumɓu na gari har ya saba, kuma a koya masa tara ɓurɓushi da ƙurar da ta zuba, domin ana jiƙa su da ruwa a sake aiki da su.

Sauran rabin karatun yana wajen ma'auni. Azurfa tana cikin dukiyoyin da shari'a ta yi wa hukunci na musamman. Nisabinta dirhami 200 ne, wato kimanin giram 595, kuma ana fitar da kashi ɗaya cikin arba'in idan shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan kayan adon da mace ke sawa, amma abin da aka ƙera domin sayarwa yana shiga lissafi. Haka nan idan mai saye ta kawo tsohuwar munduwa tana son musanya da sabuwa, ba a musanya azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. Mafita ita ce ta sayar da tsohuwar da kuɗi, sannan ta sayi sabuwar. Wanda ya iya zane bai san wannan ba, zai iya faɗawa cikin riba bai ankara ba. Kuma dole a auna kaya bayan gashi, a faɗa wa mai saye nauyinsa na gaskiya.

Shawararmu ga masu waƙafi ita ce a sayi tanda da sikeli mai auna giram a ajiye su waƙafi, masu koyo su riƙa amfani da su bi da bi, maimakon a raba wa kowa jarin da ba zai kai shi ko'ina ba. A kuma nemi tsofaffin maƙeran fari su zama malamai, domin su ne suka san walda da gogewa da abin da kasuwa ke so. Burinmu shi ne wadda aka tallafa wa a yau ta kai ranar da za ta ɗora kayanta a sikeli, ta tarar sun kai nisabi.

Allah ya sa albarka a dukiyar masu bayarwa da hannuwan masu koyo.