Jawabi Kan Gyaran Mutum-mutumin Gasa Tsakanin Wasa da Wasa

 

Maganata a yau kan gasar mutum-mutumi ce ta 'yan makarantar sakandare, wadda ƙungiyar FIRST ta soma a Amurka a 1992. Yara ne ke ƙera na'urar da hannunsu, a sa uku su kara da uku a fili, kowane wasa kimanin minti biyu da rabi. To amma ni a ganina, a rumfar gyara ake cin gasar nan.

Kowace ƙungiya ana ba ta rumfa, ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi. Da an fito daga fili sai a turo na'urar can, wani lokaci 'yan mintoci ne kawai kafin a sake kira. Wanda bai shiga a kan lokaci ba, abokan tafiyarsa biyu ya bari da mutum uku.

Farko batir. Mai bolt 12 ne, kuma kowane wasa ana sa sabon caji, domin idan ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da bolt 7, kwamfutar ciki kan yanke wa motoci wuta, na'ura ta tsaya cik a tsakar fili. Shi ya sa suke rubuta wa kowane batir lamba, kada a ɗauko wanda ya gaji.

Na biyu wayoyi. Na'urorin suna karo da juna da ƙarfi, jijjiga kuwa ita ke kwance noti ta zare waya. Sai yaro ɗaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗan ja, wani ya bi kusoshi da sifana, wani ya duba sarƙa da tayoyi. Komai a rubuce yake a takarda, ana yi ana sa alama, don mai gaggawa shi ke mantuwa.

Na uku, direba ake fara tambaya abin da ya ji, kamar dai yadda makanikan tasha ke yi. Idan lokaci ya ƙure, a gyara abin da ke sa ta tafiya, sauran ya jira. Idan kuma an yi babban canji, dole masu bincike su sake dubawa.

Abin da ya fi burge ni, idan wani ƙarfe ya karye babu safaya, sai a yi shela ta lasifika, abokin hamayya ya kawo nasa.

Jama'a, abin nan fa bai yi mana nisa ba. A 2017 da aka fara gasar ƙasashe ta FIRST Global a Washington, har da yaran Nijeriya. Saboda haka yaron da kuka ga yana kwance rediyo, a haɗa masa boko da zama wurin mai gyara, ya koyi bin abu daki-daki.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Wassalamu alaikum.