Maraɗi Tana Bayan Gida: Me Muka Sani Game da Ita?



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Abin da ya kawo mu gabanku yau shi ne maganar wani birni da ke bayan gidanmu, watau Maraɗi. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Mutum na iya karya kumallo a Ƙofar Guga, ya bi ta Jibiya da Magama, ya ƙetara Ɗan Isa, ya yi sallar azahar a Maraɗi. Amma da za mu tambayi wannan zaure labarin ƙwallon Ingila, hannuwa za su tashi birjik. Da za mu tambayi abin da ya gudana a Maraɗi makon jiya, sai a yi tsit. Wannan shirun ne muka zo mu tattauna a kansa.

Bari mu fara da tushe. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka ci Katsina a 1807, zuriyar tsoffin sarakunanta suka yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, kuma har yau ana kiran mai sarautar garin Sarkin Katsina. Kusa da nan, a Tsibiri, Gobirawa suka kafa tasu fadar. Iyakar da muke gani kuwa ta zo daga baya: yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata ta. Ko ruwa bai san da ita ba, domin Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar, sannan ya komo Nijeriya. Wannan gulbi ne ya yi ambaliya a 1945, ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka tashi aka koma kan tudu inda birnin yake yanzu.

To, me birnin yake da shi na wasanni da al'adu da ya kamata mu sani? Na farko kokawa. A Nijar kokawa ita ce sarauniyar wasanni. A 1975 aka fara gasar ƙasa ta neman Takobi a Tawa, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, ya fara ɗaukarsa. Filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Jihohin ƙasar 8 ke turo 'yan kokawarsu, ana kai gasar gari-gari bisa karɓa-karɓa. Duk wanda ya zauna a rumfar mai shayi a Jibiya ko Daura lokacin gasar, ya san yadda ake kewaye rediyo. Kokawa ba ta tafiya ita kaɗai: tana tafe da makaɗa da maroƙa da masu kirari da 'yan wasan barkwanci. Fili ɗaya ne, amma sana'o'i da yawa ke cin abinci a cikinsa.

Na biyu, fada da hawan salla. Wanda ya ga hawan Katsina, ya kuma ga na Maraɗi, zai ga algaita da kakaki da tambari iri ɗaya, ya ji sunayen sarautu da ya saba ji. Amma zai tarar da abin da ya yi ƙaranci a wajenmu, kamar sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tsibiri, waɗanda mata 'yan gidan sarauta ke riƙewa tun zamanin da. Ɗalibin tarihi da ke son sanin fasalin fadar Katsina kafin jihadi, lalle ba zai wadatu da littattafan laburare kaɗai ba. Sai ya je ya zauna gaban dattawan Maraɗi.

Na uku, kasuwa. Alhazan Maraɗi sun yi suna tun zamanin cinikin gyaɗa, kuma rabin arzikinsu da Kano da Katsina yake ɗaure. Dabbobi da wake da aya suna gangarowa kudu, hatsi da kayan masana'antu suna haurawa arewa. Tare da kaya labari ke tafiya. Direban mota da ɗan kamasho da mai canjin sefa da naira su ne jaridar iyaka ta farko, tun kafin Muryar Sahel da Rediyo Anfani da gidan rediyon Katsina su faɗa.

Jama'a, a nan ne maganar take da nauyi. Wannan zumunci ba ya tafiya sumul. A 1984 gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyakoki, aka kuma yi rashin sa'a abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa, kuma ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, aka sake garƙamewa har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da aka yi haka, a Abuja da Yamai ana maganar haraji da siyasa. A bakin iyaka kuwa maganar ita ce ta amaryar da ba ta tare ba, da majinyacin da bai isa asibiti ba, da makaɗin da aka gayyata biki ya kwana a tasha. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga, wadda tun 2019 ta kori dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi, inda talakawa 'yan'uwansu suka raba ɗan abin da ke rumbu da su. Wa ya rubuta wannan karamci? Idan ba mu rubuta ba, nan da shekara 30 sai a ce ba a yi ba.

Wani zai ce ai akwai wayar hannu, labari na zuwa nan take. Gaskiya ne, amma tare da shi jita-jita ke zuwa. Hoto ɗaya na ƙarya a WhatsApp ya isa ya watsa kasuwa, ko ya sa a tsargi baƙo. Maganin ƙarya shi ne sahihin labari daga wanda ya san wurin, ya kuma sa sunansa a ƙasa.

Akwai wani shingen da mu 'yan boko muka gada. Mu an koya mana Turancin Ingilishi, takwarorinmu na can an koya musu Faransanci. Manomi da manomi suna fahimtar juna sarai, amma mai digiri da mai digiri sai su nemi tafinta. Ashe ilminmu ya raba abin da jahilci bai raba ba? A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan ƙofa ce ta buɗe, saura mu shiga.

Saboda haka muna kawo shawarwari 4. Ɗaya, wannan mujalla ta ware shafi guda a kowace fitowa domin labarin garuruwan iyaka, ta nemi ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su riƙa aiko da rubutu da Hausa, mu ma mu aika musu. Biyu, kowane ɗalibi da zai je hutu ya ɗauki muryar tsoho ɗaya, makaɗi ko maroƙi ko tsohon ɗan kokawa, da izininsa, ya kawo a adana a sashen Hausa. Uku, a makon al'adunmu a gayyato 'yan wasan kwaikwayo da 'yan kokawa daga can, mu kuma mu kai ziyara. Huɗu, wannan taku ce, ku matasan ma'aikata. Gobe wasunku za su zauna a teburin kwastan ko na shige da fice. Ku yi aikinku bisa doka, amma ku tuna tsohuwar da ke gabanku da ƙunshin daddawa jikanta za ta gani, kada ku mai da ita abin tatsa.

A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Ƙarfe zai iya haɗa tasha da tasha, amma sanin juna aikin mutane ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mu ƙara da cewa a zamaninmu tana bakin alƙalami kuma.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.