Filin Amsa Wasiƙunku: Shin Superman Da Gaske Yake Tashi Sama?

   

Yau wasiƙa guda ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayoyi uku ne a cikinta, kuma kowace na da nauyinta. Ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya ce yana da ɗan gidan kallo da yake buɗewa ran kasuwa da dare. Ya ce yana saurayi ya kalli fim ɗin nan na Superman a kaset ɗin bidiyo, hoton duk ya yi ruwa, amma har yau bai manta da shi ba. Yanzu ƙanensa da ke birni ya gaya masa an wanke fim ɗin an fito da shi a sabon faifai. To, shi ne yake tambaya: mutumin nan da gaske yake tashi sama, ko tsafi ne? Gaskiya ne garin tashin ya faɗo jikinsa ya shanye? Sa'an nan sabon faifan nan, ya saya ko kuwa ya riƙe kuɗinsa?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Shi dai Superman, ko Sufaman kamar yadda yara ke kiransa, ba a taɓa yin mutum irinsa ba. Wasu samari ne biyu a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙago shi, ɗaya na rubuta labari ɗaya na zanawa, aka fara buga shi a 1938. Kai da kake ɗan kasuwa, ga abin da zai sosa maka rai: a kan dala 130 kacal suka sayar wa kamfanin ɗab'i da hakkin mallakarsa. Kamfani ya yi ta kwasar miliyoyi, su kuwa suka tsufa hannu babu nauyi, sai a 1975 aka yanka musu ɗan abin da za a riƙa ba su duk shekara. Kamar dai manomin da ya sayar da gonarsa tun hatsi bai yi kai ba.

Fim ɗin da kake magana a kai ya fito ne a watan Disamba na 1978. Richard Donner ne ya ba da umarni. An kashe masa wajen dala miliyan 55, a lokacin babu fim ɗin da ya taɓa cin kuɗi haka, ya kuma mayar da wajen miliyan 300. Marlon Brando, wanda ya fito a matsayin mahaifin yaron, an biya shi dala miliyan 3.7 ban da kason riba, alhali zamansa a fim ɗin bai kai minti 20 ba. Shi kuwa mai tashin, Christopher Reeve, ba wanda ya san shi a lokacin, shekarunsa 26 sa'ad da fim ɗin ya fito.

Batun tashi kuma, Malam, babu tsafi ko na anini. Dabara ce da wahala. A wani wurin igiyoyin ƙarfe sirara ake ɗaura masa a jiki ta ƙarƙashin riga, injin ɗaga kaya ya ɗaga shi ya yi ta yawo da shi. A wani wurin kuma ba ya ko motsawa daga inda yake: kwance yake rub da ciki a kan wani abin tallafi da aka ƙera daidai ƙirjinsa, aka ɓoye sandarsa daga idon kyamara, a bayansa kuwa ana haska hoton gari ko na gajimare a kan allo, kamar majigi. Wani gwani mai suna Zoran Perisic ya haɗa gilashin kyamara da na majigin suna matsowa tare, sai ka ga kamar mutumin ne yake taho maka a guje alhali yana nan inda aka ajiye shi. An yi yawancin wannan aiki a ɗakunan ɗaukar fim na Pinewood da ke Ingila, kuma saboda shi aka ba fim ɗin lambar yabo ta Oscar ta musamman. Abin da ya ƙara wa dabarar armashi shi ne, Reeve yakan tuƙa ƙaramin jirgin saman nan maras inji, mai bin iska kamar shirwa. Saboda haka ya san yadda ake karkata jiki in za a yi kwana a sama. In ka kalla ka lura da kafaɗunsa.

Tambayarka ta biyu, mun daɗe muna jin wannan ji-ta-ji-ta a tasha da majalisa. Ba haka aka yi ba. Shanyewar jiki kam gaskiya ce, amma doki ne sanadi. Ran 27 ga Mayu, 1995, sama da shekara 16 bayan fitowar fim ɗin, yana cikin gasar tsallake shinge da dawaki a jihar Bajiniya ta Amurka, sai dokinsa ya turje a bakin shinge, shi kuwa ya wuce ta kan dokin ya faɗi ta ka. Ƙasusuwa biyu na farko a wuyansa suka karye, laka ta taɓu. Tun daga wuya har ƙasa bai ƙara motsi yadda ya saba ba, numfashi ma sai da taimakon na'ura. Duk wanda ya taɓa hawan sallah ya san turjiyar doki ba ta shawara da kowa. Ya yi shekara tara a keken guragu, yana yawon neman taimako domin binciken ciwon laka, har ya rasu ran 10 ga Oktoba, 2004, yana da shekara 52.

Kafin mu zo kan faifai, ka yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kan fim ɗin kansa, domin in ba a san darajar kaya ba, ba a san abin da za a taya ba.

Yawancin masu kallo tashin suke tunawa: yadda ya cafe 'yar jaridar nan Lois Lane da hannu ɗaya, jirgi mai saukar ungulu da ɗaya hannun, a lokacin da suka rikito daga kan bene. Ni kuwa, a nawa ganin, zuciyar fim ɗin tana gona. Ana yin sama da minti 40 kafin ma a ga fuskar Reeve. Jariri ne iyayensa suka sako shi a wani ɗan kumbo domin duniyarsu za ta tarwatse, ya faɗo a bakin hanya a karkara. Wani manomi da matarsa, waɗanda Allah bai ba su haihuwa ba, suna tafe a tsohuwar a-kori-kurarsu, taya ta fashe, suka tsinci yaron. Manomin na gyaran taya sai jak ya goce, ɗan tsintuwar nan da bai wuce goyo da yawa ba ya ɗaga gindin motar da hannu biyu. Suka dubi juna. Suka ɗauke shi suka riƙe shi riƙon ɗa, suka sa masa suna Clark.

Yaro ya tashi ya fi jirgin ƙasa gudu, amma uban riƙonsa ya hana shi nuna ƙarfi a gaban sa'o'insa, ko da suna yi masa dariya. Wata rana da yamma suna tafe cikin gida, dattijon yana yi masa nasiha cewa ba don burga aka ba shi abin da aka ba shi ba, sai ya dafe hannunsa ya faɗi, ciwon zuciya ya ɗauke shi. A bakin kabari saurayin ya tsaya yana jimamin cewa duk ƙarfin nan nasa bai iya tsare ran mutum ɗaya ba. Bayan haka ya yi ban kwana da tsohuwarsa a tsakiyar gonar alkama wadda ido ba ya ganin ƙarshenta. A lardin Alberta na Kanada aka ɗauki wannan wuri. Duk manomin da ya taɓa raka ɗansa bakin titi zai tafi birni, ba ya bukatar tafinta a nan, ko da bai ji Turanci ba.

Shi kuma mugun fim ɗin, Lex Luthor, wanda Gene Hackman ya fito a matsayinsa, dillalin filaye ne ba wani dodo ba. Ya saye hamada maras amfani da araha, yana nufin ya harba makami mai linzami ya tayar da girgizar ƙasa, gaɓar Kalifoniya ta rufta cikin teku da mutanenta, filayensa su koma bakin ruwa su yi tsada. Kun san masu irin wannan lissafi, illa dai nasu bai kai nan ba.

Akwai kuma wani ɗan wuri da nake so ka maimaita wa masu kallonka. Clark ya zo ɗaukar Lois, ta shiga ɗaki. Yana tsaye a ranƙwafe kamar wani sakarai, sai ya cire tabarau, ya miƙe, muryarsa ta yi kauri, yana shirin gaya mata ko shi wane ne. Tana fitowa ya mayar da tabarau ya sake lanƙwashewa. Babu igiya, babu majigi, amma ka ga mutum biyu a jiki ɗaya. Inda ban gamsu ba shi ne ƙarshe, inda Lois ta mutu shi kuma ya yi ta kewaya duniya a guje har ya mayar da lokaci baya. Wannan kam ko a tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi an yi zurfi.

To, sai batun wanki. Ba sabon fim aka yi ba, Malam, tsohon ne. A wancan zamani a kan doguwar leda mai naɗi ake ɗaukar fim, hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ledar farko da ta fito daga kyamara ita ce uwa, daga jikinta ake juyar sauran. Da tafiya ta yi tafiya launi kan koɗe kamar atamfar da ta sha rana, ƙura ta hau, karce ya samu. Masu gyara sukan ɗauko uwar, su shigar da hotunan cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, su goge datti, su daidaita launi, su tace sauti. Fim ɗin minti 143 ne, ka ga hotuna sama da 200,000 ke nan. Kaset ɗin da ka kalla a da kuwa juyi ne na juyi, sa'an nan fim ɗin mai faɗi ne, akwatin talbijin na da kuma kusan murabba'i, don haka akan yanke gefe da gefe, kusan rabin hoton ya tafi. Gonar alkamar nan, rabinta ka gani.

Sai dai kada a ruɗe ka, fitowar ba ɗaya ba ce. A 2001 an fito da shi a faifan DVD, an gyara shi an ƙara minti takwas ya zama 151. A 2017 an fito da mai minti 188 a faifan Blu-ray, wanda tun asali domin gidajen talbijin aka haɗa shi, saboda a kan minti ake biyan masu fim ɗin, sai suka tattaro duk abin da aka yanke suka mayar. Kamar ƙaiƙayi ne a cikin buhu, awo ya cika amma ba duka ne tsaba ba. A 2018, da fim ɗin ya cika shekara 40, kamfanin Warner Bros. ya fito da ainihin mai minti 143 a faifan da ake kira 4K, mai ɗigon hoto sama da miliyan takwas, ninki huɗu na Blu-ray. Ina kyautata zaton shi ƙanenka yake nufi. A 2023 kuma an sake fito da shi haɗe da 'yan'uwansa da suka biyo baya.

In ka sa shi za ka ga wani ɗan hazo-hazo a hoton, musamman a farko. Kada ka ce an cuce ka. Mai ɗaukar hoton, Geoffrey Unsworth, shi ya sa wani gilashi a bakin kyamara da gangan domin haske ya yi taushi kamar safiyar hunturu. Ya rasu a watan Oktoba na 1978, bai ga fitowar aikinsa ba, sunansa ne ma ake fara nunawa kafin labari ya soma. Masu gyara sun bar masa hazonsa, kuma sun kyauta.

Shawara a kan kuɗinka ita ce wannan. Faifan 4K ba ya yi a na'urar DVD, ba ya yi a ta Blu-ray ta da. Sai da na'urarsa, sai kuma da talbijin mai 4K kafin ka ga bambancin. In ba ka da su, kuma ba ka da niyyar sayensu domin wasu finafinan, kada ka zuba kuɗin buhun gero a kan fim guda; DVD na ainihi ko Blu-ray zai wadatar da gidan kallonka, ya kuma fi tsohon kaset nesa ba kusa ba. In ka ga faifai a leda an jera finafinai 20 a ciki an rubuta 4K a bayansa, rubutu ne kawai. Ka gaya wa ƙanenka ya duba kwali da kyau ya ga 1978 da sunan Christopher Reeve, domin an yi wasu Superman ɗin daga baya, har da wanda ya fito a 2025 da wani ɗan wasa daban.

Ran da za ka nuna shi kuma, in akwai yara a ɗakin, ka tsayar da faifan ka ba su labarin igiyoyin nan tun kafin wani ya ɗaura zanen uwarsa a wuya ya hau kan rumbu.

Jama'a, lokaci ya ƙure mana. Wasiƙun da suka rage sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.