Ƙwayoyin B, Zazzaɓin Damina da Ƙidayar Takardun Masana



An nemi in yi magana a kan yadda ake auna darajar masanin kimiyya a wannan zamani. Na zaɓi in bi ta hanyar zazzaɓin cizon sauro, domin ni mutumin Wurma ne, kuma a ƙasarmu ta Kurfi da Dutsin-Ma ba gidan da bai san wannan baƙo ba. Da zarar ruwa ya zauna a watan Agusta, gero ya yi kai, sai ka ga yara kwance a kan tabarmi jiki kamar garwashi, alhali kuwa uban gida yana gona yana aikinsa, in ma ya kama shi sai ɗan ciwon kai na kwana biyu. Sauro ɗaya ne yake cizonsu a ɗaki ɗaya. To, me ya raba uba da ɗa?

Amsar tana cikin jini. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, waɗanda asalinsu daga ɓargo suke. Aikinsu shi ne ƙera wani irin makami da yake manne wa ƙwayar cuta har jiki ya gane ta ya hallaka ta, kuma kowane makami da irin cutar da aka ƙera shi dominta, kamar makulli da kwado. Bayan an gama yaƙi, wasu daga cikinsu sukan zauna a jiki shekara da shekaru suna riƙe da kamannin abokin gaba. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya ƙara yi. Wani abin ban dariya shi ne a jikin kaza aka fara bambance su, cikin aikin da Max Cooper da Robert Good suka buga a Amurka a 1965.

Tun kafin nan, a 1961, Sydney Cohen da Ian McGregor da abokin aikinsu sun gwada wani abu a ƙasar Gambiya. Sun tace waɗannan makamai daga jinin manya da suka daɗe suna fama da zazzaɓi, suka zuba wa yara masu jinya, sai ƙwayoyin cutar suka ragu ƙwarai a jinin yaran. Watau dai abin da uba ya fi ɗa da shi abu ne da ake iya ɗauka a kwalba. Amma sai wata tambaya ta taso. In ƙyanda sau ɗaya ta isa jiki ya koyi darasi, don me zazzaɓi yake bukatar shekaru ana kwanciya ana tashi, har wasu yaran su rasu kafin su kai gaci?

A nan ne ƙasarmu ta shigo cikin labarin, kuma ina jin da yawa daga cikinmu ba mu sani ba. A 1970 wani likita Bature, Brian Greenwood, ya zo Zariya lokacin da ake kafa makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekara goma a can. A 1972 shi da abokan aikinsa suka buga takarda a mujallar Lancet ta Ingila, inda suka nuna cewa yaron da ke cikin zazzaɓi, in aka yi masa allurar rigakafin wata cuta, jikinsa ba ya ƙera makamai yadda ya kamata. A 1978 shi da Williamson suka ƙara nuna cewa game da rigakafin sanƙarau, wannan rauni yana nan har wata guda bayan zazzaɓin. Ku dubi nauyin maganar. Mu da sanƙarau yake shigo mana da bazara, ashe zazzaɓi ba kwantar da yaro kaɗai yake yi ba, har dakushe masa garkuwa yake yi game da wasu cututtukan. A cikin waɗannan shekaru kuma likitocin Zariya, har da ɗan ƙasa Dakta Fakunle, sun yi bincike a kan kumburin saifa mai tsanani, wanda yake faruwa idan garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen mayar da martani ga zazzaɓi. Nan kusa da mu, a Malumfashi, an yi shekaru ana bin ƙauyuka ana auna jinin jama'a tare da masana daga Liverpool. A Garki kuwa, wadda yanzu take Jihar Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban aiki daga 1969 zuwa 1976, suka yi feshi suka raba magani, zazzaɓi ya ragu amma bai yanke ba.

Abin da aka hango a Zariya, an daɗe kafin a kusanci sirrinsa. A 2009 masana na Jami'ar Bamako tare da ƙungiyar Susan Pierce ta Amurka suka gano cewa a jinin mutanen Mali da ke zaune inda zazzaɓi ya yi katutu, akwai wani nau'in ƙwayoyin B mai yawa wanda kamanninsa ya saɓa wa na kullum. Har yau ana jayayya ko gajiyayyu ne ko kuwa wata runduna ce mai nata aikin. Sun kuma nuna cewa makaman yara sukan ƙaru da damina, sa'an nan mafi yawansu su zube cikin watannin rani, sai kaɗan ke saura. Haka yaro yake tarawa, shekara bayan shekara, kamar mai cika rumbun da ke yoyo. Duk wanda ya tashi a Wurma zai gane wannan, don daminarmu da ta Mali kusan ɗaya ce.

Yanzu in dawo kan batun da aka ba ni. Tun 1964 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya fara fitar da kundin da ke ƙidaya sau nawa masana suka ambaci kowace takarda a cikin nasu rubuce-rubucen. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake ji da shi yau: in aka ce ma'aunin malami 20 ne, to yana da takardu 20 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 20. Da irin wannan ake duba mutum wajen ƙarin girma da neman kuɗin bincike, kuma kowa yana iya ganin lissafin a intanet.

Ba na cikin masu cewa ƙidayar banza ce. Takardar 1961 ana ambatonta har gobe, kuma ambaton nan shi ne igiyar da ta kai mu ga gwajin da aka buga a 2022 daga Mali, inda aka zuba wa manya makami guda da aka ƙera a ɗakin bincike, ya kare kusan 88 cikin 100 na kamuwa da cutar har wata shida. Inda ilmi ya haihu, lissafi yakan nuna.

Amma akwai abin da lissafin ba ya gani. Ba ya ganin malamin asibitin da ya hau keke ya shiga ƙauyukan Malumfashi da kwalaben jini, ko mai duba madubin likita da ya ƙare idonsa yana ƙirga ƙwayoyi, ko uwar da ta miƙa yatsan ɗanta aka huda. Ba ya kuma bambance takardar da aka ambata don yabo da wadda aka ambata don a ƙaryata ta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake jan matasan malamai su yanka bincike ɗaya gida uku don takardu su yi yawa, ko su bi abin da ake yayi a Turai su bar tambayar da ke bakin ƙofarsu. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓi a duniya, amma manyan takardun ƙwayoyin B na shekarun nan daga Mali da Kenya da Uganda jininsu ya fito. Mu da muka riga su farawa.

Shi kansa Greenwood, da ya bar Zariya ya koma Gambiya a 1980, ya tsunduma cikin gwajin gidan sauro mai magani da ba yara magani da damina tun kafin su kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari na biyu a 2012, kuma Jihar Katsina tana cikin wuraren da aka fara shi a Nijeriya. 'Yan matan da kuke gani suna bin gida-gida da ƙwayoyi cikin watannin ruwa, daga can abin ya samo asali, ko da yake ba mai ƙidaya su a kundin Garfield. Allurar rigakafin zazzaɓi ta R21, wadda ita ma ƙwayoyin B take koya wa aiki, an fara yi wa yara ita a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, kuma sai an yi ta sau huɗu, domin makaman da take sa jiki ya ƙera su ma suna raguwa.

Ga shi tun 2011 muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, ga madatsar ruwa ta Zobe da noman rani a gefenta, inda ruwa yake kwance ko da damina ta wuce. Shin yaran da ke bakin ruwan nan suna zubar da makamansu da rani kamar yaran Wurma da ke kan tudu, ko kuwa nasu lissafin dabam ne? Tambaya ce da ɗalibin da ya ƙware a duban jini, ya sami izinin hukuma da yardar iyaye, zai iya fara binta daga damina mai zuwa.