Gadon da Ƙananan Halittu Ke Barinmu da Shi

 

Zan fara da kai ƙarar harshenmu gabanku. Duk ƙaramar halittar da ido ba ya gani, Bahaushe ya yi mata kuɗin goro ya ce "ƙwayar cuta". Alhali hanjin kowane mutum da ke zaune a zauren nan cike yake da bakteriya tiriliyoyi, kuma akasarinsu ba cuta suke yi masa ba, ma'aikatansa ne da ba ya biya albashi. Maganata a yau ta tsaya ne a kan abin da waɗannan ma'aikata suke samarwa, da abin da ke saura bayan sun mutu. Turawa suna kiransa fosbayotik. Ni da izininku zan kira shi gado.

Bari mu shiga madafi tukuna. Uwa ta jiƙa gero ya kwana ɗaya ko biyu, ta kai niƙa, ta tace, ta bar gasarar ta kwanta. Washegari za ka ga ruwa ya taso sama, ka ji ɗan ƙanshin tsami. Wannan tsamin aikin bakteriya ne masu cin sukarin hatsi suna fitar da asid ɗin laktik. Daga nan sai ta kwarara tafasasshen ruwa ta dama koko. Ruwan zafin ya kashe mafi yawansu, amma tsamin yana nan, gawarwakinsu suna nan, sinadaran da suka zuba suna nan. Abin da yaro yake kurɓa da ƙosai kenan kowace safiya.

Tarihin wannan ilimi ya faro da nono. A 1905 wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano bakteriyar da ke tsamar da madarar ƙasarsu. A 1907 Elie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Paris ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da yawan shan nonon da suke yi. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka ba furobayotik ma'ana: halittu masu rai waɗanda, in an sha su da yawan da ya kamata, suke amfanar jiki. Sharaɗin shi ne rai. Sai a 2021 wani kwamitin masana na ƙungiyar ISAPP ya fito da ma'anar fosbayotik: halittun da aka kashe, ko sassan jikinsu, waɗanda aka tabbatar suna amfanar lafiya. A wannan ma'anar, sinadarin da aka tsame shi kaɗai ba ya shiga sahu, amma ni zan haɗa su duka, tunda daga tsatso ɗaya suke.

To me ke cikin gadon? Na farko shi ne asid ɗin laktik. Yana tsamar da abinci har ƙwayoyin da ke kawo gudawa su kasa yaɗuwa a ciki. Shi ya sa madara ke lalacewa cikin sa'o'i a zafin bazara, nono kuwa ya jure tafiyar Bafulatana daga ruga zuwa kasuwa. Tsamin kuma yana rage fayitet, sinadarin da ke ɗaure ƙarfe da zink a cikin hatsi ya hana jiki amfana da su.

Na biyu ya fi burge ni. Akwai ɓangaren abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar gero da dawa, da ɓawon wake, da ganyen zogale da rama. Wannan yana wucewa babban hanji, inda bakteriya ke cinye shi su fitar da sinadarai uku: asitet, furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin bangon babban hanji. Da shi bangon yake yin ƙwari ya hana guba tsallakawa cikin jini, kuma yana kwantar da kumburi. Wato mu ciyar da su dusa, su ciyar da hanjinmu. Wanda ya koma farin biredi da lemon kwalba safe da dare, ma'aikatansa ya bari da yunwa.

Na uku makamai ne. Bakteriya ma suna rigimar gona a tsakaninsu, kuma wasu suna harba sinadarai don kashe abokan hamayya. Mafi shahara shi ne naisin, wanda Lactococcus lactis ke fitarwa. An gano shi a 1928, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da shi wajen adana abinci a 1969, kuma shi ne E234 da za ku gani a jikin wasu gwangwanaye da cuku.

Na huɗu shi ne gawar kanta. Sojojin garkuwar jiki da ke jere a bangon hanji suna gane bakteriya ta fatarta, ko tana da rai ko babu. A 2020 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 443 masu fama da wani ciwon hanji mai sa murɗa da kumburin ciki. An ba rabinsu Bifidobacterium bifidum da aka kashe da zafi, sauran aka ba su ƙwayar da babu komai cikinta. Kashi 34 cikin ɗari na rukunin farko sun sami sauƙi, na biyu kashi 19. A Beljiyam kuma, a 2019, ayarin Patrice Cani ya gwada Akkermansia muciniphila kan masu ƙiba, aka ga wadda aka dafa ta inganta yadda jiki ke amsa insulin. Sai dai mutum 32 kaɗai suka kammala gwajin, don haka ƙofa ce aka buɗe, ba a shiga ɗakin ba tukuna.

Me ya sa wannan ya shafe mu fiye da wasu? Saboda zafi da wutar lantarki. Halitta mai rai galibi tana son sanyi tun daga masana'anta har bakin mai sha. Kwalbar da ta yi wata uku a kantar kemis a Sakkwato ko Damagaram, wa zai rantse abin da ke ciki yana numfashi? Matacciya kuwa ba ruwanta da firji. Sannan ba za ta shiga jini ta hayayyafa ba. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan ba bakwaini furobayotik mai rai, bayan mutuwar wani jariri.

Amma ina roƙon kada a fita daga nan a ce malam ya ce koko magani ne. Koko abinci ne mai kyau. Kafin a kira abu magani, sai an san wace bakteriya ce, nawa za a sha, wace cuta take warkarwa. Abin da aka tabbatar ga iri ɗaya ba ya hawa kan ɗan'uwansa. Yaron da ke gudawa, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink yake buƙata, sannan asibiti. Madara kuma a tafasa ta kafin a zuba mata ragowar na jiya ta yi kindirmo, domin tsami ba ya ba da tabbacin kashe tarin fukan shanu da cutar burusela. Mai lasifika a tasha da ya ce kwalbarsa tana wanke hanji ta warkar da ciwon suga, ku tambaye shi inda aka gwada.

Ɗalibai, ga aikinku. Daddawar kalwa Bacillus subtilis ne ke nuna ta, irin wanda ke yin natto a Japan, abincin da ya yi suna da bitamin K2. Ita ma a tafasasshiyar miya take ƙarewa, kamar koko a ruwan zafi. Japanawa sun auna nasu, sun rubuta, sun zuba a kwali suna sayar wa duniya. Ƙwaryar kindirmo da tukunyar gasara da buhun kalwa suna nan a gidajenku, kuma matan da suka ƙware a kansu suna raye. Ku je ku durƙusa ku tambaye su kwana nawa suke jiƙo da yadda suke gane ya nuna, sannan ku ɗebo ku kawo ɗakin gwaje-gwaje mu auna.

 Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.