Amsar Wasiƙunku: Ina So In Zare Sunana Daga Rancen Gida

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a Funtuwa. Ya ce shi da ƙanensa suka haɗu suka karɓi rance a banki suka sayi gida, bankin ya riƙe takardar gidan a matsayin jingina. Yanzu sun raba jari, ƙanen zai zauna da gidan, shi kuwa yana so a cire sunansa. Ya ce har sun rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu. Shin hakan ya wadatar?

To Malam, gaskiyar magana bai wadatar ba. Takardar mai unguwa tana da amfani a tsakaninku, amma banki bai sa hannu a kanta ba, saboda haka ba ruwansa da ita. Galibin takardun rancen haɗin gwiwa suna ɗauke da sharaɗin cewa kowane ɗayanku ya ɗauki nauyin bashin gaba ɗayansa, ba rabi ba. Wato idan ƙanenka ya kasa biya, kai za a zo wa, kuma duk abin da ya rage za a nema. Ƙari a kan haka, tun shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cirar kuɗin mai bashin da ya ƙi biya daga ajiyarsa ta wasu bankunan, muddin ya amince da wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen. Ka ga ke nan kuɗin da ka ajiye don sayen masara da kaka suna iya tafiya kana zaune a rumfarka.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, takardu biyu ne a nan. Akwai takardar mallakar gida, akwai kuma takardar bashi. Ana iya cire sunan mutum daga ta farko a bar shi a ta biyu, kuma wannan shi ne mafi munin hali: ba ka da ko bulo ɗaya a gidan, amma bashin yana wuyanka. Don haka kada ka sa hannu ka sallama rabonka sai banki ya amince a rubuce cewa zai sallame ka.

Ku tafi bankin ku biyu, ku shigar da buƙatarku a rubuce. Banki zai duba ko cinikin ƙanenka shi kaɗai zai iya ɗaukar biyan wata-wata. In ya gamsu, sai a sake takarda da sunansa, ko a ba shi sabon rance a biya tsohon da shi. Wani lokaci za su ce ya kawo wanda zai tsaya masa. To a nan sai ka yi hattara, kada kunyar zumunci ta sa ka ce kai ne za ka tsaya, don ka fita ta ƙofa ne ka dawo ta taga. Banki kuma yana da ikon ya ƙi. In ya ƙi, sai dai ku biya ragowar, ko ku sayar da gidan da saninsa, ya ɗauki nasa ku raba saura.

Sai batun hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce gidan da ke da satifiket na gwamnatin jiha ba a sauya masa mai shi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, na karkara kuwa da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma sai da yardarta. Cinikin da aka yi ba da wannan izini ba, doka ba ta san da shi ba. Akwai kuɗin lauya da na rajista a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ku yanke tun yanzu wa zai biya.

In an kammala, ka karɓi takardar sallama mai hatimin banki, ka yi mata kwafi, ka nuna wa babban ɗanka inda ka ajiye ta. Dalili kuwa, idan ta Allah ta kasance, sai an biya bashi kafin a raba gado, kuma wannan takarda ce za ta hana a taɓa haƙƙin iyalinka.